Ƙullutun da ke fitowa kwikwiyo bayan allura

Ƙaramin asibitin dabbobi gare ni, ni da ma'aikata biyu, kuma kusan rabin aikinmu rigakafin 'yan kwikwiyo ne. Bayan kwana uku zuwa mako guda da yin allura, akwai kiran da na riga na haddace: "Likita, wani abu ya fito masa a kafaɗa, me kuka ɗura masa?"

Yawanci ƙullutu ne mai ɗan tauri, bai fi kan ɗan yatsa ba, yana zillewa a ƙarƙashin fata in ka taɓa. Garkuwar jiki ce ta yi cincirindo a inda ruwan allurar ya zauna. An fi ganinsa bayan allurar da aka kashe ƙwayar cutar da ke cikinta, irin ta haukan kare, domin akan haɗa ta da wani sinadari, sau da yawa na alminiyam, wanda aikinsa ke nan ya tsokano garkuwar. Kwikwiyon na cin abincinsa, yana ta guje-gujensa, bayan 'yan makonni ƙullutun ya baje da kansa.

Farkon shigata sana'ar ba na yin wannan bayanin kafin in soka allura, na kuwa ji a jikina. Wani bawan Allah ya kawo 'yar kwikwiyonsa tana da mako 8, muka yi mata ta farko, ya ga ƙullutu, sai ya ɗauke ƙafa. Alhali rigakafin nan jeri ne, duk bayan mako 2 zuwa 4 har su kai mako 16, saboda kariyar da suka sha a nonon uwa tana iya dakushe allurar farko. Ranar da ya dawo, a hannu ya riƙo ta, tana amai da gudawar jini. Cutar fabo ce, mai kama hanjin 'yan kwikwiyo, ɗaya daga cikin cututtukan da ake yin rigakafin dominsu. Kwana biyar muna ƙara mata ruwa kafin ta miƙe. Ban ga laifinsa ba sosai, ni ne ban buɗe baki ba.

Yanzu kowace allura sai na rubuta gefen da na yi ta a katin kwikwiyon, in kuma gaya wa mai shi ya sa ido, kada ya matsa, kada ya tsaga. Tsumma mai ɗumi ya isa. Maganin zafin jiki na mutane kuwa, musamman ibuprofen, yana iya lalata wa kare ciki da ƙoda.

Akwai wanda ba na wasa da shi. In wurin ya yi zafi, yana ciwo, ko yana tsatsar mugunya, ƙurji ne, sai an kawo shi. In fuska ta kumbura, ko borin jini ya feso, ko numfashi ya sarƙe cikin sa'o'in farko, wannan ba a kwana da shi, shi ya sa nake zaunar da su ɗan lokaci kafin su tafi.

Ga ƙullutun da ya ƙi tafiya, ƙa'idar 3-2-1 nake bi: ya wuce wata 3, ko ya fi santimita 2, ko yana ƙara girma bayan wata 1. Don kyanwoyi aka tsara ta, su da sankara kan fito musu a gurbin allura, abin da ba kasafai ake gani a kare ba. Duk da haka in ɗaya daga cikin ukun ya cika, nakan sa siririyar allura in zuƙo abin da ke ciki, in aika ɗakin gwaji.