Cokalin da ke gaban ƙwarya

A shekarata ta ƙarshe a jami'a na ɗauki bincike kan yadda yara ke gane wuri, wato gaba da baya, dama da hagu. Tambayoyin daga wani gwajin Turanci na kwaso su, na mayar Hausa, na ɗauki ƙwarya da cokali na nufi wata firamare. Sai in kife ƙwaryar a kan tabarma, in ajiye cokalin can ƙetarenta, in ce wa yaro ina cokali yake. Takardar amsoshina ta ce "bayan ƙwarya". Duk wanda ya ce "gaba" sai in zabga masa jan biro.

Yawancin jan biron a kan 'yan mata ya sauka. Ni kuwa har da murnata, don na sha karanta cewa maza sun fi mata a wannan fanni. Babi guda na cika da batun ƙwaƙwalwar mace.

Malamin da ke duba aikin ya karanta, ya cire tabarau ya ce, "Kai, in kwandasta ya ce maka tasha tana gaban masallaci, a ina za ka sauka?"

Na ce, "Sai na wuce masallacin, Allah gafarta Malam."

"To me yaran nan suka yi maka?"

Ran nan na fara jin sunan Clifford Hill na Jami'ar Columbia, wanda ya yi aiki da ɗalibai Hausawa a Nijar, ya kuma fitar da kwatancin Hausa da Turanci a 1982. Abin da ya lura da shi kowa na yi, ba mai tsayawa ya duba. Bature yana ɗaukar ƙwaryar tamkar shi take kallo, don haka abin da ke tsakaninsu ne a gabanta. Bahaushe kuwa sahu ɗaya yake shiga da ita, inda ya fuskanta nan ta fuskanta, abin da ke ƙetarenta shi ne a gaba. Ashe Hausa tsantsa 'yan matan suka ba ni. Da na sake bin takardun, samarin da suka "ci" galibinsu masu zuwa darasin Turanci ne da yamma. Kenan Turanci na auna, ba ƙwaƙwalwa ba.

Daga nan na shiga karatu da kunya a idona. Mutanen Guugu Yimithirr na arewacin Ostireliya, waɗanda Stephen Levinson ya yi nazari, ba sa kwatance da dama da hagu, ko abu a hannunka yake, da gabas ko arewa za su kwatanta maka shi. Wannan bai ba ni mamaki sosai ba, kakata ko a ɗakin da ba ta taɓa shiga ba ba ta tambayar alƙibla.

Ba wai bambancin maza da mata ƙarya ba ne, kada in sake yin wani kuskuren. A gwajin juya siffa a zuci, irin wanda Vandenberg da Kuse suka tsara a 1978, maza sukan fi cin maki idan aka haɗa jimilla, kuma an maimaita shi a ƙasashe da dama. Sai dai jimilla ce, mata da yawa suna kayar da maza da yawa. Kuma tazarar ba a dutse aka sassaƙa ta ba. A 2007 masu bincike a Jami'ar Toronto sun sa ɗalibai wasan bidiyo na sa'a 10, tazarar ta ragu, matan suka fi ƙaruwa. Ita kanta ƙwaƙwalwar aiki yana sauya ta: a 2000 Eleanor Maguire ta nuna cewa direbobin tasi na Landan sashen ƙwaƙwalwarsu mai riƙe taswirar hanya ya fi na sauran mutane girma ta baya, kuma gwargwadon shekarun mutum a tuƙi gwargwadon girmansa.

Babin nan dai na yage shi. Na koma makarantar da sababbin tambayoyi: wane harshe ake yi a gida, wa ake aika kasuwa, wa ke hawa keke. Wata yarinya da na cika wa takarda da ja ta ga na fito da ƙwaryar, ta ce, "Malam, in ce gaba, ko in faɗi wanda kake so?"