Kafin ka tafi Kaduna neman sunan kakanka

Duk matashin da ya ce mini zai je gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna ya nemo kakan kakansa, tambaya ɗaya nake fara yi masa: a wace gunduma mutumin yake biyan haraji? In ya ambaci ƙaramar hukuma, sai in ce ya koma gida tukuna. Tsarin ƙananan hukumomin nan na 1976 ne, Jihar Katsina ta 1987 ce, Jigawa 1991. Bature bai san su ba. Lardi ya sani, da masarauta, da gundumar hakimi, da ƙasar dagaci, kuma a haka ya jera takardunsa.

Ni da taswirar yau na tafi. Mutanenmu na kudancin Katsina ne, sai na duƙufa kan fayilolin Lardin Katsina. Ashe masarautar a ƙarƙashin Lardin Kano take har 1926, aka mayar da ita Lardin Zariya, sai a 1934 ta samu lardin kanta. Rahotannin shekarun da nake nema suna can cikin na Kano. Ka kuma lura da yadda suke rubuta sunaye: Katsena, Gando, Hadeija. Sunan ƙauyenku ya fi haka shan wahala a hannunsu.

Ɓatan ƙafata na biyu ya fi ciwo, domin na tafi ne da zaton zan samu takardar gona mai sunan kakanmu. Babu ita, ba kuma ɓata ta yi ba. Dokar filaye ta 1910 ta sa ƙasar Arewa duka a hannun Gwamna, aka bar talaka yana noma bisa al'ada, dagaci da mai unguwa da maƙwabta su ne shaidarsa. Takardar izinin zama a fili galibi kamfanonin Turawa da baƙin 'yan kasuwa ne ke karɓa. Manomi yana shiga takarda ne ta ƙofar haraji ko ta ƙofar shari'a.

Ta wajen haraji, nemi rahoton da Di'o, wato jami'in mulki na Turawa, ko mataimakinsa ya rubuta lokacin da ya zaga gunduma don yanka kuɗin ƙasa, da littafin gunduma. Za ka ga jerin ƙauyuka, sunayen dagatai, yawan magidanta, shanun jangali, masu sana'a, da tarihin kafuwar gari. Sai dai ka tuna wanda ya ba da tarihin: mai riƙe da sarauta a ranar, ta bakin tafinta. A ƙasar Kano har da malaman taki, masu auna gona da takun ƙafa don a yanka mata haraji. Da wuya ka ga sunan kakanka a rahoton Di'o in ba sarauta ya riƙe ba, amma za ka san wane dagaci ne a kansa, kuma gidan dagacin nan yana nan.

Shari'a ta fi albarka. Rabon gado, jinginar gona, rigimar iyaka, duk alƙali ko majalisar sarki ke rubutawa, akasari da Larabci. Bayanan majalisar Sarkin Kano Abbas, wanda ya yi mulki daga 1903 zuwa 1919, na cikin waɗanda suka tsira, cike da ƙarar gonaki. Ka tafi da malamin da ya saba da tsohon rubutun hannu na ƙasar nan, Larabcin makarantar boko kaɗai ba ya isa. Kuma kada ka yi irin tawa, in kwafi sunan da nake so in bar na shaidu. Mu ba mu da sunan dangi mai bin zuriya, Muhammadu ɗan Abdullahi kuwa ya fi a ƙirga a gari ɗaya. Abin da ke bambanta naka shi ne laƙabinsa, da sana'arsa, da waɗanda suka yi iyaka da shi.

Iyakar nan a bakin tsofaffi take, musamman mata, su ne kuma na yi sakaci da su har wasu suka riga mu gidan gaskiya. Gwaggon mahaifina, da aka kai ta bakin gona, da sandarta ta riƙa nunawa: daga tsamiyar can zuwa burtali, jerin gamba nan ne ya raba mu da gidan maƙera, rijiyar da ta rufta tana ƙarƙashin wancan tudun. Kada ka tambayi tsohuwa shekara. Tambaye ta ko abin ya faru kafin jirgin ƙasa ya iso Kano, wato 1911, ko bayan yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, ko lokacin annobar mura ta Marisuwa a 1918, ko zamanin Sarkin Katsina Dikko, 1906 zuwa 1944. Kai ne za ka mayar da amsar lissafi. Ka ɗauki muryarta a waya, da izininta.

Abu ɗaya ya rage da ba a cika faɗa wa yara ba. Littattafan kotu na farkon zamanin Turawa suna ɗauke da shari'o'in fansa da 'yanta bayi, domin ba a soke bauta gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936. Kana iya samun naka a ciki, ko a matsayin ubangiji ko a matsayin wanda aka fansa. In haka ta faru, bari manyan gidanku su fara ji daga bakinka kafin hoton shafin ya hau Facebook, don akwai jikokin ɗaya ɓangaren, mai yiwuwa ma kun haɗa aure da su.