Del Webb: kafintan da ya mallaki Yankees, ya gina garin da ba a renon yara

A hamadar jihar Arizona ta Amurka, arewa maso yamma da birnin Phoenix, akwai wani gari mai mutum kusan 40,000 da ake kira Sun City. Dokar zama a cikinsa ita ce kowane gida ya kasance da wanda ya kai shekara 55, kuma wanda bai kai 19 ba ba ya zama sai dai ziyara, ita ma ta ƙayyadaddun kwanaki a shekara. Jikoki su zo su gaida kaka, su yi wanka a tafkin ninƙaya, su koma inda suka fito. Garin ne ya fara ɗaure min kai, amma da na bi sawun wanda ya gina shi sai na ga mutumin ya fi garin ban mamaki. Sunansa Delbert Eugene Webb, kuma shekara ashirin yana cikin masu ƙungiyar Yankees ta birnin Niyok, a daidai zamanin da babu mai iya ja da ita a wasan besbol.

An haife shi a Fresno ta jihar Kalifoniya a 1899. Bai gama sakandare ba ya kama kafinta, amma zuciyarsa na wurin ƙwallo. Mai jefa ƙwallo ne, wato wanda ke tsayawa a tsakiyar fili yana wurga wa mai sanda, kuma ya yi shekaru yana yawo daga wannan ƙaramar ƙungiya zuwa waccan, da rana guduma da zarto, ƙarshen mako fili. Bai taɓa kaiwa babbar gasa ba. Zazzaɓin taifot ne ya kwantar da shi har ya kusa tafiya da shi, sai a 1928 ya koma Phoenix neman busasshiyar iska. Can ya samu aikin sa ƙofofi a otal ɗin Westward Ho. Daga nan wani ɗan kwangila da yake yi wa aiki ya gudu ya bar ginin kantin kayan abinci a tsaye, mai kantin ya ce wa Webb ya ƙarasa. Abin da ya gada daga wanda ya gudu shi ne jarin kamfaninsa na farko: injin kwaɓa siminti ɗaya, baro goma, shebur ashirin, diga goma.

Yaƙin duniya na biyu ne ya mai da shi attajiri. Gwamnati na son barikoki da filayen jirgin sama cikin gaggawa, shi kuma ya yi suna wajen gama aiki kafin wa'adi. Cikin waɗannan kwangiloli akwai wadda masu yabonsa ke saurin tsallakewa. A Fabrairun 1942 Shugaba Roosevelt ya sa hannu a umarnin da ya ba sojoji damar kwashe mutane 'yan asalin Japan daga gaɓar yammacin ƙasar. Kusan 120,000 aka kwasa, kashi biyu cikin uku nasu 'yan ƙasa ne haifaffun Amurka, ba a tuhumi kowa da laifi a kotu ba. Kamfanin Webb ne ya gina sansanin Poston kusa da kogin Colorado, a filin da aka keɓe wa 'yan asalin ƙasar, alhali majalisar ƙabilun wurin ba ta yarda ba. Fiye da mutum 17,000 aka zuba a ciki. Ɗakunan katako ne da aka lulluɓe da takarda mai kwalta, kuma da yake ɗanyen katako aka yi amfani da shi, yana bushewa sai ya tsattsage, ƙurar hamada ta riƙa shigowa ta ƙasa da bango. Kafinta kamar Webb ya san abin da ɗanyen katako ke yi a rana. Sai a 1988 gwamnatin Amurka ta nemi gafara ta amince za ta biya kowane mai rai daga cikinsu dala 20,000.

Abin da na fahimta game da mutumin nan, kuma yake bin dukan aikinsa, shi ne ba ya tambayar me za a yi da gini. Yana tambayar girmansa, da ranar da ake so, da wanda zai biya. Shekara huɗu bayan Poston, kamfaninsa ne ke gina otal da gidan caca na Flamingo a Las Vegas, mai aikin kuma Bugsy Siegel ne, riƙaƙƙen ɗan ƙungiyar masu aikata manyan laifuka da kowa ya san sana'arsa. Labarin da aka fi bayarwa shi ne Siegel ya ga hankalin Webb ya tashi da irin maganganun da yake ji, sai ya kwantar masa da hankali cewa su junansu kawai suke kashewa. A Yunin 1947 aka harbe Siegel a Beverly Hills. Webb bai bar Las Vegas ba. Daga baya ma kamfaninsa ya mallaki otal ɗin Sahara da Mint.

Yankees kuwa a 1945 ya saye ta, shi da Dan Topping da Larry MacPhail, daga hannun magadan Jacob Ruppert, a kan dala miliyan 2.8. Bayan ƙungiyar ta ci kofi a 1947 MacPhail ya yi rigima a wurin bikin, abokan biyu suka biya shi suka sallame shi. Daga nan har 1964 Webb da Topping ne masu gida. Ƙungiyar ta zama zakarar rukuninta sau 15 a hannunsu, ta ɗauki kofin World Series, wato kofin zakarun besbol na Amurka, sau 10, biyar daga ciki a jere daga 1949 zuwa 1953, abin da har yau ba a sake yi ba. Kocin da ya jagoranci wannan jerin, Casey Stengel, mutum ne da 'yan jarida ke ɗauka a matsayin ɗan barkwanci saboda ƙungiyoyin da ya riƙe a baya ba su taɓuka komai ba. Webb ya san shi daga Kalifoniya, inda Stengel ke horar da ƙungiyar Oakland, kuma yana cikin waɗanda suka tsaya masa. Wanda bai kai ga buga wasan ba ya san mai iya shi idan ya gan shi, wannan kam na ba shi.

Amma ko a besbol ɗin, ɗan kwangila ne kafin komai. Dubi yadda aka yi da Kansas City. A 1953 Webb da Topping suka sayar da filin wasan Yankees ga abokin kasuwancinsu Arnold Johnson, suka koma haya a ciki. Shekara na zagayowa Johnson ya sayi ƙungiyar Athletics ta Philadelphia da goyon bayansu, ya kai ta Kansas City. Filin wasan can na buƙatar a faɗaɗa shi, wa aka ba aikin? Kamfanin Webb. Daga nan sai 'yan wasa suka riƙa kai da komowa tsakanin ƙungiyoyin biyu, masu tashe su tafi Niyok, waɗanda suka gaji su tafi Kansas City. Ta wannan hanya Roger Maris ya zo Yankees a ƙarshen 1959, shi ne kuma a 1961 ya fitar da ƙwallo wajen fili sau 61, ya karya tarihin da tsohon tauraron Yankees Babe Ruth ya kafa. Magoya bayan Kansas City sun daɗe suna cewa ƙungiyarsu gonar renon Yankees ce, ban ga laifinsu ba. Webb yana kuma cikin waɗanda suka haɗa kai a 1951 aka ƙi sabunta wa kwamishinan besbol Happy Chandler wa'adinsa. Sannan Yankees ba ta saka baƙar fata a wasa ba sai 1955, da Elston Howard, shekara takwas bayan Jackie Robinson, shi ma baƙar fata, ya fara buga wa ƙungiyar Dodgers da ke birni ɗaya da su. Ba za a ce ba su ga abin da ke faruwa a maƙwabta ba.

Lokacin fitarsa ma na ɗan kasuwa ne. A 1964 suka sayar wa gidan talabijin na CBS kashi 80 cikin ɗari a kan dala miliyan 11.2, Webb ya saki ragowar nasa a shekarar da ta biyo baya. A 1966 Yankees ce ta ƙarshe a teburin rukuninta. Taurarin sun tsufa, babu na bayansu.

Sun City ce aikin da ya sa mujallar Time ta ɗora hotonsa a bangonta a 1962. Tunanin ba nasa ba ne tun asali: wani Ben Schleifer ya riga ya fara ɗan ƙaramin garin tsofaffi mai suna Youngtown a nan kusa tun 1954. Abin da kamfanin Webb ya hango shi ne Amurka ta samu wani sabon rukunin mutane, masu fansho da kuɗin tallafin tsufa na gwamnati, masu gidan da suka gama biya a jihohin sanyi, masu sauran ƙarfi a jiki. Aka haɗa hannu da James Boswell, wanda danginsa ke da gonakin auduga a wurin. Dabarar da ta fi burge ni ita ce sun gina filin golf da kantuna da wurin shaƙatawa kafin ranar buɗe garin, don mai saye ya ga abin da idonsa ba a takarda ba. Tsoho da ya sha jin alƙawarin dillalai ba ya sayen zane. Ranar 1 ga Janairun 1960 aka buɗe da gidajen gwaji biyar, mafi arha dala 8,500. Sun sa ran mutum 10,000, sai kusan 100,000 suka zo cikin kwana uku, motoci suka toshe hanya, aka sayar da gida 237.

Ba na raina abin da mutanen nan suka samu. Ma'aikacin masana'anta da ya yi shekara arba'in yana kwashe ƙanƙara a ƙofar gida ya samu rana, da abokai sa'anninsa, da gidan da ba shi da bene. Sai dai garin da ya fitar da yara daga cikinsa ba ya daɗewa zai fara tambayar dalilin da zai biya kuɗin karatunsu. A Amurka harajin gidaje ne ke ɗaukar kaso mai yawa na kuɗin makarantun gwamnati, kuma mazauna yanki ne ke kaɗa ƙuri'a kan bashin gina sababbin azuzuwa. Sun City na cikin gundumar makarantu ta Peoria, kuma tsofaffi sun fi kowa fitowa zaɓe. Suka riƙa kayar da buƙatun ɗaya bayan ɗaya, azuzuwan garuruwan da ke kewaye suka cika har ana karatu kashi-kashi. A 1974 aka raba gari, aka cire Sun City daga gundumar. Yaran da ke waɗancan makarantu kuwa, da yawansu 'ya'yan masu yanke ciyawar filin golf ne da masu jinyar tsofaffin.

Shi kansa Webb bai yi ritayar da ya sayar wa dubban mutane ba. Yana shugabancin kamfaninsa har ya rasu ranar 4 ga Yulin 1974 a Rochester ta jihar Minnesota, bayan tiyatar ciwon dajin huhu, yana da shekara 75. Bai bar ɗa ko jika ba, mafi yawan dukiyarsa ta tafi gidauniyar da ya kafa, wadda ke ba da kuɗi ga asibitoci da binciken lafiya a Arizona da Kalifoniya da Nevada. A 2001 kamfanin Pulte ya sayi kamfaninsa, amma bai goge sunan ba, don har yanzu da sunan Del Webb ake tallar unguwannin 'yan shekara 55 a jihohi da dama na Amurka.