Wasiƙa daga Roma: wa zai ɗauki makarar lauya?

Assalamu alaikum jama'ar gida. Ina fatan kowa na lafiya, ya hunturu, ya kuma haƙuri da tsadar rayuwa. Mu ma nan sanyin ne, ga ruwa kusan kullum, abin da ku ba ku haɗa shi da sanyi ba. Kwana biyu na yi shiru, aiki ne ya sha kaina, amma yau tsohon nawa ya yi barci da wuri shi ya sa na ce bari in zauna in ba ku labarin wani fim da muka kalla ni da shi, don ya ƙi fita daga raina.

Ga wanda bai sani ba, aikina a nan jinyar tsoho ne. Su suna kiran mai wannan aiki badante, yawanci mata ne daga Romaniya da Yukren da Filifin, mu maza ba mu da yawa, sai inda tsohon yake da nauyi ana buƙatar mai ɗaga shi. Nawa tsohon lauya ne, shekararsa 88, ni nake masa wanka, ni nake masa aski, ni nake ƙirga masa ƙwayoyin magani safe da yamma. Ba na kiransa da suna, Avvocato nake ce masa, wato lauya, don mutanen nan ko ka bar aiki shekara talatin laƙabin yana nan manne da kai har kabari. 'Yarsa ɗaya tal, tana Milan, ranar Lahadi take bugo waya. Kuma kar ku ɗauka shi kaɗai ne a wannan hali, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen Italiya sun haura 65, jariran da ake haifa a shekara a duk ƙasar yanzu ba su kai dubu 400 ba. In ka shiga bas da hantsi sai ka rasa wa zai tashi ya ba wa kujera, kowa furfura.

To fim ɗin sunansa La Grande Bellezza, in ka ce gagarumin kyau ba ka yi nisa ba. Paolo Sorrentino ne ya shirya shi, ɗan Napoli, ya fito a 2013, aka nuna shi a bikin Cannes a Faransa, sannan a watan Maris na 2014 ya ɗauko Oscar na fim ɗin da ba da Turanci aka yi ba, bayan ya riga ya ci Golden Globe da BAFTA. Kafin nan rabon Italiya da wannan kyauta tun 1999. Da Sorrentino ya hau mumbari yana godiya har Maradona ya sa a ciki, kuma ba wasa yake ba, iyayensa biyu sun rasu yana ɗan shekara 16 hayaƙin na'urar ɗumama ɗaki ya kashe su, shi kuma abin da ya hana shi bin su gidan da abin ya faru ranar shi ne zai je kallon ƙwallon Napoli. Avvocato ya ce min da aka sa fim ɗin a talabijin kwana biyu bayan Oscar ɗin kusan rabin unguwarsu sun kunna, washegari a shagon kofi kowa na zagi, wai ba labari, wai an ci mutuncin Roma. Shi ma a lokacin ko rabi bai kai ba ya kashe. Yanzu ne da ƙafa ta ƙi, dare ya yi masa tsawo, ya ce in nemo masa.

Tun kafin in ci gaba, ba fim ɗin da za ka kunna a falo da yara da surukai ba ne fa. Akwai tsiraici, akwai shaye-shaye, ni ma sau biyu ina miƙewa wai zan duba ruwan zafi. Kuma doguwa ce tafiyar, ya haura awa biyu, kuma in kana jiran a ce ga mugu ga jarumi ga ƙarshe to za ka kwana kana jira.

Mutumin da fim ɗin ke bi sunansa Jep Gambardella, Toni Servillo ne ya fito a matsayinsa. Ɗan jarida ne, ya rubuta littafi guda ɗaya tun yana saurayi aka yaba aka ba shi kyauta, shi ke nan bai ƙara ba, shekara arba'in yana cin albarkacin wannan guda ɗayan. Ya shigo Roma yana da 26, kuma da bakinsa yake cewa burinsa ba wai a gayyace shi fati kawai ba, so yake ya zama wanda in ya ga dama zai iya kashe fatin. Ya kuwa samu. Gidansa na kallon Kolosiyam, wannan tsohon filin da ake haɗa mutane faɗa da zakuna, daga baranda kamar ka miƙa hannu ka taɓa. Ana fara nuna shi ne a daren da ya cika 65, a saman wani bene, kiɗa kamar zai tsaga kunne, tsofaffin mata da suka sha allurar gyaran fuska suna ta tsalle, maza masu rini a gashi suna bin 'yan mata da ido, shi kuma ya juyo da sigari a baki yana wani murmushi na wanda ya gama sanin kowa a wajen kuma ba wanda ya burge shi.

Abin da ya fara kama ni ba fatin ba ne, dawowarsa gida ne. Jep ba ya kwanciya sai gari ya fara wayewa, sai ka gan shi cikin kwat mai tsada, ɗinkin telolin Napoli, hannu a baya, yana tafe a hankali a bakin kogin Tiber ko cikin lungu, 'yan makarantar zuhudu na leƙensa ta ƙofa. Wallahi na san wannan mutumin. Shekarun da nake wanke-wanke a gidan abinci, in na taso na tsaya jiran bas ɗin dare kusa da tashar Termini, ko in na fito da asuba, irinsu nake cin karo da su, sun sha turare, takalmi na ƙyalli, ido ya yi ja, ba sa ma ganinka. Mu muna fitowa nema su suna komawa barci. A fim ɗin ma haka ne, mu muna can gefen hoto, mai ɗaukar tire, mai share gida. 'Yar aikin Jep baƙuwa ce, kuma in ka lura ita kaɗai ce ke masa faɗa kamar uwa, a gabanta kaɗai yake zama ba tare da ya yi wasan kwaikwayo ba. Da aka zo nan na saci kallon Avvocato, ya yi kamar bai gan ni ba.

Sorrentino ba ya tausaya wa masu kuɗin nan ko kaɗan. Akwai wata mai kiran kanta mai fasaha da ke rugawa a guje ta gwara kanta da bangon tsohuwar hanyar ruwa mutane na tafi, Jep ya tsare ta da tambaya ɗaya, me take nufi da kalmar da take ta maimaitawa, ta kasa amsawa har ta fusata. Akwai yarinya ƙarama da iyayenta ke tilasta wa watsa fenti a kan zane tana kuka don ana sayen zanen da tsada. Akwai likitan allurar fuska da ake bin layi da lamba a hannu sai kace banki. Har da wasu tsofaffin masu sarauta da suka talauce, ana hayarsu su zo cin abincin dare don a ce an ga jinin sarauta a wajen. Wannan kam dariya na yi sosai, don ban ga bambancinsa da hayar maroƙi ya zo ya laƙa maka asalin da ba ka da shi ba. Sai kuma wani babban limamin coci, kadinal, wanda ake raɗe-raɗin zai zama fafaroma, Jep na son ya tambaye shi maganar rai da imani, shi kuwa ba abin da yake zancensa sai yadda ake dafa zomo.

Duk wannan Avvocato yana kallo yana tsaki yana cewa ai ya san irinsu, wancan kamar wane, waccan kamar matar wane. Nishaɗi yake ji. Sai da aka zo wajen jana'iza.

Wani saurayi ne ya mutu, ɗan wata ƙawar Jep, yaro mai taɓin hankali da uwar ta kasa gane kansa. Kafin a tafi Jep yana zaune a shagon kaya yana koya wa Ramona, wata mai rawa da suka shaƙu, ƙa'idojin zuwa jana'iza, inda za ka tsaya don kowa ya gan ka, abin da za ka raɗa wa uwar mamaci a kunne, da babbar doka, kar ka kuskura ka yi kuka don kar ka ƙwace wa dangi fage. Yana faɗa kamar mai koyar da rawa. To aka je coci, aka gama addu'a, limami ya ce abokan mamaci su taso su ɗauki akwatin gawa. Shiru. Ba wanda ya motsa, yaron ba shi da aboki ko ɗaya. Sai tsofaffin nan abokan uwarsa suka miƙe ɗaya bayan ɗaya, Jep a cikinsu, ya sa kafaɗa, yana tafiya sai kuka ya ƙwace masa, kuka na gaske mai muni, shi da ya gama kafa doka.

Nan Avvocato ya ɗaga hannu ya ce in tsayar. Na tsayar. Ya daɗe bai ce komai ba, sai na ga yana lanƙwasa yatsu, yana kiran sunaye ƙasa-ƙasa, wannan ya mutu, wannan yana gidan tsofaffi bai san kowa ba, wannan keken guragu. Mijin 'yarsa, ɗaya. Jikansa in ya samu hutu daga Landan, biyu. Sai ya dube ni ya ce, kai uku, saura wa? Na ce haba Avvocato, ai akwai kamfanin da ke wannan aikin, suna zuwa da mutanensu cikin baƙar kwat. Ya ce ya sani, ai shi ya biya na matarsa.

Ban san me zan ce masa ba. Abin da ya zo min a rai shi ne ranar da aka kai mahaifina, yadda makara ba ta minti ɗaya a kafaɗar mutum wani ya karɓe, har da waɗanda ban taɓa gani ba, masu wucewa da suka ajiye kekensu suka bi sahu don neman lada. Na so in ba shi labarin sai na ga kamar gori ne, na yi shiru. Kuma in za a faɗi gaskiya ni ɗin da nake wannan tunanin ina nan ina goge wa uban wani baki, tawa gyatumar tana can ƙanwata ce ke fama da ita, ni sai dai in tura kuɗi in kira a bidiyo ranar Juma'a. 'Yar Avvocato ranar Lahadi, ni ranar Juma'a. To wa zan yi wa gori.

Muka ci gaba. Ƙarshen fim ɗin ya ɗan sha min kai. An kawo wata tsohuwar mai zuhudu 'yar shekara 104 da suke kira waliyyiya, ba haƙori, ba ta cin komai sai saiwa, a ƙasa take kwana, wai ta ƙare rayuwarta tana hidimar talakawa a Afirka. Nan kam na ɗan ji haushi, kullum mu dai wajen da waliyyansu ke zuwa shan wahala ne, ko sunan gari ba a damu a riƙe ba. Amma ita ce ta yi wa Jep tambayar da kowa ke masa yana zillewa, me ya sa bai sake rubuta littafi ba, ya ce yana neman wani gagarumin kyau ne bai samu ba. Daga baya aka nuna ta tana hawan Scala Santa da gwiwa, matakala 28 ce kusa da cocin San Giovanni, na sha wucewa ta wajen na ga masu hawa, ita tana jan jiki tana nishi, shi kuma yana cikin jirgin ruwa zai koma tsibirin da wata yarinya ta taɓa tsayawa gabansa da dare yana ɗan 18. Yarinyar ta bar shi ta auri wani, ta mutu, mijin ne ya zo har ƙofar gida yana kuka ya gaya masa ya karanta littafin sirrinta, shekara 35 suna tare ashe Jep take so.

Ni a ganina yabon da aka yi wa hoton fim ɗin bai yi yawa ba, Luca Bigazzi da ya ɗauka ya san aikinsa, ya nuna Roma da ba cunkoso ba shara ba bas ɗin da ke ƙin zuwa, Roma ta ƙarfe biyar na asuba. Amma wasu wuraren ya cika son burgewa, raƙumin dawa a tsakiyar kangon Caracalla, tsohon gidan wankan Romawan dā, tsuntsaye masu dogon wuya sun sauka a baranda, sai ka ji kamar mai shiryawar na taɓa ka yana cewa ka gani ko, ka ga na iya. Masu cewa ya bi sawun Fellini ne, wanda ya yi irin wannan fim a kan Roma a 1960, ba su yi ƙarya ba, shi ma bai musa ba. Fuskar Servillo ce ta riƙe komai, mutumin bai ma kai 55 ba lokacin amma ya iya gajiyar tsufa, irin ta wanda ya ci ya ƙoshi abincin bai masa daɗi ba.

Da aka gama Avvocato bai ce ya yi kyau ko bai yi ba. Na kai shi banɗaki, na sa masa rigar barci, na kashe fitila. Washegari tun kafin in kawo kofi na ji yana bubbuga sanda, wai in buɗe kabad in ciro masa wata kwat ruwan ƙwai da ban taɓa ganin ya sa ba, duk ta yi warin kafur, kuma ta yi masa yawa yanzu kafaɗun sun zubo. Ya ce in ɗaura masa laktaye, in kira tasi, Gianicolo za mu. Tudu ne da ake hango duk garin daga kai, nan fim ɗin ya fara, kuma kullum ƙarfe goma sha biyu na rana sojoji na harba igwa a wajen, al'ada ce tun 1847 da wani fafaroma ya kafa don ƙararrawar coci-coci su daina saɓawa. Ya ce rabonsa da zuwa tun 'yarsa na kan kafaɗarsa.

Muka isa saura minti goma, na tura kekensa har bakin katanga, ga 'yan yawon buɗe ido da yara an ɗora su a wuya. Da igwar ta tashi ni na zabura har na saki keken, tantabaru suka watse, shi ko gezau, ashe ya cire na'urar kunnensa tun a mota ya sa a aljihu. Ya duba agogonsa ya ce yana latti da minti biyu, ya miƙo min hannu in gyara masa.

A gaida kowa da kowa, a sa mu a addu'a. Wanda ya je unguwarmu ya leƙa ya gaida min Hajiya.