Godiya bayan wasan 'yarmu a Yamai

Assalamu alaikum. A madadin iyalina, ina miƙa godiya ga duk waɗanda suka cika zaure a daren Asabar, lokacin da 'yarmu ta kaɗa gogen Turawa a gaban mutanen garinsu karo na farko, bayan shekarun da ta kwashe tana karatu da wasa a Beljiyam da Faransa.

Da yawa ba su san cewa saura kaɗan wasan ya fasa ba. Gogen nata na katako ne mai laushin jiki, an haɗa shi da gam ɗin fata, kuma ya saba da iska mai danshi. Kwana uku kacal da saukarta, hunturun Yamai ya buɗe masa haɗi ta gefe, tsirkiyoyinsa huɗu suka ƙi zama a saiti. Kafintan unguwarmu, wanda bai taɓa riƙe irinsa ba, shi ne ya zauna tun daga la'asar har bayan isha'i yana bin umarnin wani gwanin gyara ta waya daga Burusel, da ya gama kuma ya ƙi karɓar ko dala. Allah ya saka masa da alheri, ya albarkaci sana'arsa.

Ina godiya ga malaman cibiyar koyon kiɗa ta Alhaji Taya, inda ta fara sanin cewa ana rubuta kiɗa a takarda, da kuma yayata, wadda ta sayar da awarwaronta aka cika kuɗin jirgin farko. A lokacin wasu dangi sun ƙaurace mana, domin a wajensu goge na 'yan bori ne, kuma ban ga laifinsu ba, tun da ni kaina sai da na yi wata guda ina juya maganar. Ba mu san cewa sana'a ce ta awa biyar ko shida na gwaji kullum ba, da kwana a otal, da gasa irin ta Sarauniya Elizabet a Burusel, inda ake killace mutum 12 na ƙarshe mako guda su koyi sabon kiɗa ba tare da waya ba. Can take hange yanzu, muna kuma roƙon addu'arku.

Godiya ta musamman ga Baba mai goge da ya taso daga Tawa. Da ya hau dandamali da ƙwaryarsa mai tsirkiya ɗaya, ya duba bakanta, ya ga shi ma gashin wutsiyar doki ne ana shafa masa ƙaro, sai ya yi dariya, suka kaɗa tare har mahaifiyarta ta yi hawaye.

Waɗanda suka tsaya a bakin ƙofa saboda rashin kujeru, su yafe mana, kuskuren lissafi namu ne. Za ta koma ranar Alhamis in Allah ya yarda, ƙofar gida kuwa a buɗe take ga mai son yin sallama da ita.