Kafin ka zuba soda a besin, saurari kukansa

Shekarar da na yi aure na kama ɗaki biyu a Agege, a irin gidan da kowane ɗan haya ke da banɗakinsa amma duk rami ɗaya ruwan ke zuwa. Wata uku da tarewa, besin ɗin wanke hannu ya fara kuka. Ruwa na gama wucewa sai ka ji ɓul-ɓul-ɓul kamar ana tuttule tulu. Ƙannena, abin da na yi daga nan ne ba na so ku maimaita.

Ban tsaya bincike ba, na ce toshiya ce. Na sayo soda mai cin hannu, irin wadda ake haɗa sabulu da ita, na zuba, na bi ta da tafasasshen ruwa. Kukan bai daina ba. Washegari na sa hannu na kwance kwalbar robar da ke ƙarƙashin besin, na manta sodar na kwance a cikinta. Ta zubo mini a yatsu, na yi mako biyu ina alwala da ƙyar. Har yau in na tuna sai na gode wa Allah da ba ido ta faɗa ba, kuma ba matata ce ta kwance ba. Zafin ruwan kuma ya lalata robar da ke riƙe mahaɗin, sai ga yoyo a kan kuka.

Kuskure na biyu ya fi wannan. Na ga kwalbar nan kullum cike take da ruwa, na ɗauka ita ce ke hana shi wucewa, sai na cire ta na sa miƙaƙƙen tiyo. Kuka ya yi shiru, na ji daɗi. Kafin kwana uku warin rami ya cika ɗaki, kyankyasai suna fitowa ta besin da daddare. Ashe ruwan da ke kwance a wurin da gangan aka bar shi, shi ne marfin da ke tare wari da ƙwari.

Wani dattijo mai gyaran famfo da muke sallah tare ne ya zo ya duba. Bai taɓa komai ba, ya ce, "Yaro, yaushe yake kukan?" Na ce, "Baba, kullum." Ya ce kullum ba amsa ba ce. Ya mayar da kwalbar, ya cika besin da ruwa ya saki: ya wuce da sauri. Sai ya ce in kora ruwan masai. Nan take besin ya amsa, alhali babu wanda ya taɓa shi.

Wannan tambayar ita ce rabin gyara. In ruwa na tafiya a hankali sannan ya yi kuka, toshiyar na kusa: gashin gemu, sabulu, man goge baki da zaren asuwaki sun dunƙule a kwalba ko bututun da ke bayanta. Ka ajiye bokiti a ƙasa, ka kwance da hannu, ka wanke da tsohon buroshi, ka tabbata zoben roba ya zauna daidai kafin ka ɗaure. In za ka yi amfani da robar nan mai sanda da ake zuƙo toshiya, toshe ƙaramar ƙofar da ke saman besin da jiƙaƙƙen tsumma, in ba haka ba iska ta nan za ta tsere, ka yi aikin banza.

Amma in ruwa na wucewa lafiya, kukan kuma sai an kora masai ko maƙwabci ya yi wanka, to iska ce ta rasa hanya. Ruwa in yana gangarowa a bututu yana jan iska a bayansa, in bai samu ta waje ba sai ya zuƙo ta besin ɗinka, har ya shanye ruwan kwalbar. Shi ya sa wari ke biyo bayan irin wannan kukan. Muka zagaya bayan gida, sai ga bututun numfashin rami ya karye, wani ya cusa masa leda don kada ya yi wari. Baba ya zare ledar, ya ɗora sabon bututu dogo har ya wuce rufi, ya sa raga a bakinsa.

Abu ɗaya da ya kamata ɗan Legas ya riƙe: daga Mayu zuwa Yuli ƙasa kan ƙoshi da ruwa, rami ya daina sha. In kukan ya zo da damina, masai ma yana jinkiri, kuma maƙwabta na ƙorafi iri ɗaya, ramin ne ya cika. Wannan ya wuce aikin hannunka. Ku haɗu ku sami mai gida a kira motar kwasa, kada kuma ka bari kowa ya leƙa ko ya shiga ramin, domin iskar cikinsa na kisa.