Kuɗin dashen bishiya ko damin gero?

Jiya bayan la'asar ƙanena ya zo da labarin wai a Ingila gwamnati na biyan manomi kuɗi ya bar wani sashen gonarsa ga furanni da tsuntsaye, ba ya shuka alkama a wurin. Ya ce "Yaya, in irinsa ya zo mana nan Maigatari ai karɓa kawai za mu yi." Nikam tun daren jiya abin yake min yawo a kai.

Gaskiya hamada tana cin mu, rairayi ya binne mana kunya ba sau ɗaya ba, shi ya sa tun 2007 ƙasashen Afirka suka fito da shirin katangar bishiyoyi, Jigawa ma tana ciki. To amma gonar gado ce fa ƴar kaɗan, ita ke ba mu gero da wake, ga riɗi da zoɓo da muke kaiwa kasuwa ranar Alhamis, in mun bar ta don kuɗin gwamnati, alawus ɗin ya makara wata uku, wa zai auna mana tiya?

Na ce masa mu dasa bishiyoyi a kan iyakar gonar, tsakiya kuma mu bar gawo ya tashi, tunda da damina yake zubar da ganye baya tare wa gero rana. Bana guda 6 na bari.